Takardar Jinin Kande

Ina gaishe ku, 'yan'uwana, cikin sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu. Salamarsa ta zauna a gidajenku.

Ni ne Tanko na Kutawa, wanda aka yi wa baftisma da suna Yakubu. Dattawan ikkilisiya sun ce in rubuta shaidata da hannuna domin a karanta a taron zumunta, tun da yanzu na iya haɗa baƙaƙe. Da furfura a gemu na fara riƙe fensir, saboda haka ku karɓe ta yadda ta zo.

Zan fara daga shekarar da rana ta yi zazzaɓi ana cikin kaka, gari ya dushe da tsakar rana, shekara guda ke nan kafin a sami mulkin kai. A ranar ce muka binne ɗanmu na huɗu. Mutanen gari suna waje suna ta kaɗa ƙwarya da gwangwani don rana ta dawo, ni kuwa ina bayan ɗakin matata Talatu ina haƙa ɗan rami. Ban ma ɗaga kai na dubi sama ba.

Na farko ɓari ne. Na biyu ya zo ba rai. Ta uku mace ce, ta yi wata biyu hancinta a toshe, ba ta iya kama nono, ta tafi. Na huɗun nan kwana uku ya yi. Tafin hannunsa da na ƙafarsa duk sun saluɓe, kamar wanda aka tsoma a ruwan zafi.

Kafin in sa shi a rami ungozoma ta yanke masa bakin kunne, wai don in ya sake dawowa mu gane shi. Haka ake yi wa ɗan wabi a wurinmu. An ce yaro ɗaya ne yake zuwa yana komawa don ya wahal da uwarsa. Tun daga na biyu sunan Talatu ya ɓace a bakin rijiya, sai dai Mai Wabi. In ta zo ɗiban ruwa, masu goyo sukan juya baya su ƙara ɗaure zane.

Ni kuwa yabo na samu. Innarmu ta ce in sallame ta, na ƙi. Sai gari ya ɗauka: Tanko mai haƙuri, wanda ya riƙe mai wabi shekara bakwai bai ko ɗaga mata murya ba. Na ji daɗin yabon nan, 'yan'uwa. Har tafiyata sai da ta canja. Kaitona!

Ga abin da ban faɗa wa kowa ba a lokacin. Tun ina saurayi nake zuwa cin rani wurin haƙar kuza a ƙasar Jos. Can babu Inna, babu dattijon da zai gan ka ya kira sunan ubanka. In an tashi aiki ranar Asabar, sai burkutu, sai gidan mata masu zaman kansu. Ranin da zan yi aure na dawo da wani ƙurji a gabana. Ba ya ciwo, ba ya ƙaiƙayi. Na je wurin wani wanzami a Makera, ya ba ni sassaƙe na sha, ya ba ni gari na barbaɗa. Kafin mako shida ƙurji ya bushe ya ɓace. Na kai wa wanzami zakara, na yi aurena.

Kuma ban daina zuwa kuza ba. Ranin ƙarshe da na je, na tafi da ƙanena Mati, wanda muke noma gandu ɗaya tun rasuwar ubanmu. Ni na nuna masa hanyar gidan nan. Da muka dawo ya ja ni bayan rumbu, ya nuna mini irin ƙurjin sak. Dariya na yi. Na ce, "Wannan ai ba kome ba ne, ni ma na yi. Gobe mu tafi Makera." Ni na kai shi. Da ya bushe, ni na dafa kafaɗarsa na ce ya warke. Da kakar nan aka ɗaura aurensa da Kande, ɗiyar Malam Idi na Kurfi. Mati ya musulunta kafin auren, ni kuma daga baya na bi Yesu, amma rumbunmu ɗaya, ƙofar gidanmu ɗaya.

Bayan mun binne na huɗu na shiga ajin yaƙi da jahilci. Ba son karatu ya kai ni ba, gudun gida nake yi da la'asar, don ba na iya kallon Talatu tana zaune tana kaɗi shiru. Malaminmu shi ne Malam Dauda, ma'aikacin ɗakin magani na mishan da ke kusa da Dutsin-Ma. Ta bakinsa na ji bishara. Ni da Talatu muka karɓi Ubangiji, na bar burkutu, na bar kuza.

Wata rana da aka tashi aji ya tsai da ni. Ya ce, "Yakubu, ranar Lahadi na ga mai ɗakinka tana ta tofar da yawu a bayan majami'a. Wata nawa?"

Kunya ta rufe ni. A wurinmu ba a maganar ciki sai ya fito kowa ya gani, balle cikin mai wabi da ake ɓoyewa kada baki ya kama shi. Na ce ban sani ba.

Ya ce, "Ka sani mana. Kawo ta ranar kasuwa in ɗebi jininta, in ɗebi naka."

Na ce, "Nawa kuma, Malam? Ni ne da cikin?"

Bai yi dariya ba. Ya tambaye ni yadda tafin hannun yaron yake, da yadda hancin yarinyar yake, sai ka ce yana wurin. Sa'an nan ya ce, "Ka taɓa yin ƙurji a gabanka wanda ba ya ciwo?"

Na ce na yi, amma wanzami ya warkar da ni.

Ya ce, "Ko ba a sa masa kome ba, da kansa yake bushewa. Bai warke ba, Yakubu. Cikin jini ya koma."

Ya ɗebi jininmu a 'yan kwalabe, ya ba motar kasuwa ta kai babban asibiti a birni. Bayan mako biyu takarda ta dawo. Tunjere ne, ni da ita duka. Ya bayyana mini cewa cutar takan zauna a jinin uwa shekara da shekaru ba ta jin kome, tana cin abin da ke cikinta.

A hanyar gida na faɗa wa Talatu kome da kome. Tana bayana tana tafe, ban iya juyawa ba. Da na gama sai na ji sawunta ya tsaya. Na waiwaya na same ta zaune a gefen hanya.

Ta ce, "Ashe ba yaro ɗaya ba ne yake dawowa."

Na ce, "A'a."

Ta ce, "Ashe su huɗu ne."

Ta miƙe, muka ƙarasa gida.

Kwana goma muna zuwa allura a ƙasa, ni da ita. Da lokaci ya yi ta haifi ɗiya mace, fata sumul, ga kuka kamar na 'yar akuya. Ungozoma ta juya kunnuwan ta duba, ta sake dubawa, ba ta ga yanka ba. Muka sa mata suna Alheri. Yau ga ta nan tana kora tumaki da kara. Halleluya! Yabo ya tabbata ga Ubangiji wanda ya tsamo ni daga cutar da na sayo da ƙafata, ya ba ni abin da ban cancanta ba!

Da shaidata a nan ta ƙare, da na ji daɗin rubuta ta.

Ban faɗa wa kowa abin da allurar ta warkar ba. Mutane suka ce addu'ar Kirista ce ta kori wabi, na bar su a haka. Malam Dauda kuwa aikinsa ya hana shi tona asirin mai ciwo.

A cikin gidan nan namu Kande ta riga ta yi ɓari ɗaya, ta haifi ɗaya ba rai. Mata suka fara cewa wabin Talatu ne ya tsallaka ɗakinta, wai don da ƙwarya ɗaya suke wanka. Ina ji da kunnena. Na san ba ƙwarya ba ce.

Alheri tana da shekara biyu, ana dab da faɗuwar damina, Talatu ta raɗa mini cewa Kande ta ƙi warin daddawa. Ta ce, "Wata biyu ne. Ka yi wa Mati magana yau."

Na ce bari ciki ya fito tukuna.

Ku da kuka san al'ada kun san matar ƙane suruka ce. Kande ba ta taɓa duban idona ba. In na shigo takan durƙusa ta kau da fuska, ni ma ban taɓa kiran sunanta a gabanta ba. Ta yaya wa zai san matar ƙanensa tana da ciki tun ba a gani ba? Sai a ce me ya kai idonsa can? Malam Dauda ya sha faɗa mini cewa allurar ta fi amfani tun ciki yana ƙarami. Na sani sarai. Duk da haka na ce zan jira lokacin da ya dace.

Muka yi shuka, ina jira. Muka yi noman firi, ina jira. Talatu tana tuna mini kullum in ta kawo mini tuwo, ina ce mata ta yi haƙuri. Sai da muka kai maimai, ciki ya turo zane har makaho zai shaida, sa'an nan na buɗe baki. Muna hutawa a gindin ɗorawa muna shan fura, ni da Mati.

Na ce, "Mati, ka tuna ƙurjin nan na bayan rumbu?"

Ya ajiye ludayi. Ya ce, "Wane tsohon zance ne wannan, Yaya? Ai kai ka ce na warke."

"Na ce. Ban sani ba ne. Ni ma ban warke ba sai da allura. Shi ya kashe 'ya'yan Talatu. Ka kai iyalinka a ɗebi jininta, kai ma a ɗebi naka."

Ya yi wata 'yar dariya. "Wato in ɗauki mace da tsohon ciki in kai wa mutanenku su zuƙe mata jini a kwalba. Mai ciki da jinin nan take haihuwa, Yaya. Wanda aka ɗiba wa zai mayar mata?"

Na ce, "Bai cika ludayin nan ba."

"To in takarda ta dawo ta ce tunjere fa? Malam Idi ya ji a Kurfi cewa surukinsa ɗan bariki ne? Kai ka sami ɗiyarka, ka sami sabon addini, ka wanke tas. Ni kake so 'yan mata su sa a waƙa a dandali?"

Na ce, "Ba wanda zai ji."

Ya ce, "I, kamar yadda ba wanda ya ji naka." Ya ɗauki fartanyarsa ya koma aiki.

Na ce a raina bari ya huce. Mako uku ina bari ya huce.

Talatu ce ta gaji. Ranar kasuwar Dutsin-Ma ta goya Alheri, ta ce wa Inna za ta kai yarinya a duba mata ido, Kande ta raka ta. A hanya ta faɗa mata gaskiya, mace da mace. Da suka isa, Kande da kanta ta miƙa hannu. Malam Dauda ya so ya fara mata allura nan take, amma kwana goma ne a jere, mace kuwa ba ta fita kwana goma ba da sanin mijinta ba. Ya ce to, bari takarda ta zo, ƙila in Mati ya ga rubutu ya yarda.

Jinin ya samu ya tafi. Bayansa sai sama ta ɓalle da ruwa, gulbi ya kawo, mota ta kasa ƙetarowa. Takardar da ke yin mako biyu ta yi mako huɗu. Kafin ta iso, uwar Kande ta zo daga Kurfi ta tafi da ita. Ta ce wannan karon a ɗakinta ɗiyarta za ta haihu, nesa da gidan wabi. A gaban Talatu ta faɗa.

Ranar Talata takardar ta iso. Sunan Kande da kaina na karanta shi. Sauran Turanci ne, sai Malam Dauda ya ɗora yatsa a kan wata 'yar alama ya ce, "Akwai. Ɗauki kekena ka tafi Kurfi yau. Ko ta haihu a kawo su, jariri ma ana yi masa allura, wani yakan tashi."

Na biya gona na nuna wa Mati. Bai ko karɓa ba. Ya ce, "Takarda ba ta san ni ba, ban san ta ba. Ka je in ka ga dama. Amma in ka haɗa sunana da sunan cutar nan a zauren surukina, ni da kai mun raba gandu."

Na isa Kurfi da azahar, laka har gwiwa. Tun daga ƙofar gida na ga itacen wankan jego a jibge, hayaƙi yana tashi daga ciki. Na gane Kande ta riga ta haihu.

Malam Idi ya fito zaure da fara'a. Ya ce, "Maraba da Tanko mai haƙuri! Wa ya riga ni kai muku labari? Ai yanzu nake ƙulla goron da zan aika. Jiya da hantsi ta sauka, namiji. Ya yi gaggawa da wata guda, amma yana nan da ransa."

Na yi barka. Ya shimfiɗa mini buzunsa, aka kawo ruwa. Don ya girmama ni ya sa wata tsohuwa ta fito da jaririn cikin zane ta ɗora mini a hannu. Ta ce, "Ga ɗanka." Na sa yatsa na buɗe ɗan hannunsa.

'Yan'uwa, na san tafin hannun nan. Na taɓa binne irinsa.

Na fito da takardar. Na ce, "Malam, kwanaki likita ya duba jinin iyalin Mati. Ya ce akwai abin da ya gani, ya kamata a kai ta ita da yaron a yi musu allura."

Ya ce, "Me ya gani?"

Sunan yana kan harshena. Na tuna Mati, na tuna gandun ubanmu, na dubi dattijon nan da ya tashi daga buzunsa ya ba ni. Na ce, "Ciwon jini ne dai."

Ya ce, "To ai kowace mai jego da shi take fama, kunun kanwa zai gyara. Ɗanyar mai jego ba ta fita, jariri ba ya hawa hanya bai sami suna ba, kai ma ka sani. Bari a yi suna, in ya so sai a gani."

Na ce, "To, Malam. Allah ya kai mu."

Haka na ce! Na ninke takardar na mayar aljihu, na hau keke na juyo.

Da na faɗa wa Malam Dauda ya dafe kai. Shi kaɗai ne a ɗakin maganin, ga masu ciwo a layi, ba ya iya rufewa sai Asabar. Ya ce ranar Asabar zai je da kansa da allura a jaka.

Ranar Juma'a da hantsi wani mai jaki daga Kurfi ya biyo ta gonarmu da saƙo. Yaron ya koma. Kwana huɗu ya yi.

Ban shiga gida ba. Na kutsa cikin dawa, a lokacin ta fi ni tsawo, na durƙusa inda ba mai ganina. Na yi niyyar yin addu'a yadda aka koya mana, ta ƙi zuwa. Abin da ya fito kawai shi ne, "Ya Yesu, ka ga hannun yaron nan. Ka ga bakina." Shi na yi ta maimaitawa har rana ta karkata. Ban ji murya ba, ban ga haske ba, kada in ƙara muku abin da bai faru ba. Amma a wurin nan Ubangiji ya sa na dubi abin da gari yake yabona a kansa, na ga tsoro ne. Tsoron kada a san ni. Shi ya sa na jira shuka, shi ya sa na jira maimai, shi ya sa na ce Allah ya kai mu. Na yi kuka kamar yaro. Na roƙe shi ya gafarta mini, ya kuma buɗe mini baki, ko da kowa zai tofa mini yawu.

Ya kuwa buɗe. Yabo ga sunansa!

Na sami Talatu tana tankaɗe. Na ce, "Zan faɗa, a Kurfi da ko'ina. Amma in na faɗi nawa na faɗi naki. Kin yarda?"

Ba ta daina tankaɗen ba. Ta ce, "Maigida, shekara bakwai ina cin tuwo da sunan mai wabi, kai kana cin naka da sunan mai haƙuri. Wane suna ya rage da za su sa mini? Je ka faɗa. Ka ɗaga murya kuma, tsofaffin ba sa ji sosai."

Ranar Asabar muka tafi tare da Malam Dauda, don ko yaro ya tafi, uwar tana nan, cutar tana jikinta. Bayan gaisuwar mutuwa na faɗa wa Malam Idi sunan cutar, da inda na samo ta, da yadda na kai ƙanena, da yadda na ce masa ya warke. Ban rage kome ba.

Ya daɗe yana jan carbi. Sa'an nan ya ce, "Ranar Talata ka san wannan?"

Na ce na sani.

"Kana zaune a kan buzuna, da jikana a hannunka?"

Na ce i.

Ya ce, "To cutar gidanku ce. In ta bar gidanku ta bar ta. Ba za a riƙa tsira wa ɗiyata allurar karuwai gari yana ji ba. Ka gaya wa ƙanenka ya aiko mata da sakinta."

Malam Dauda ya yi ta bayani cewa cutar ta riga ta shiga jininta, duk gidan da ta je da ita za ta je. Ya buɗe jaka ya nuna masa allurar, ya ce zai riƙa zuwa da kansa, ba sai ta fita ba. Malam Idi ya miƙe tsaye ya ce mu gai da gida.

Muna fita na ji kuka daga bayan danga. Ko Kande ce, ban sani ba. Ban taɓa jin muryarta da ƙarfi ba balle in shaida ta.

Gaskiyar da zan faɗa ranar Talata a cikin numfashi ɗaya, na kai ta ranar Asabar, ba ta ceci kowa ba.

Mati ya sake ta. Da aka kai amfani gida ya raba gandu, ya ja danga a tsakiyar gidan ubanmu. Har yau bai yarda an ɗebi jininsa ba. Sau biyu Talatu ta je Kurfi a ƙasa, ba a bar ta ta wuce zaure ba. Daga baya aka aurar da Kande ga wani falke, ya tafi da ita wajen Maraɗi. Wasiƙar farko da na taɓa rubutawa a duniya ita na rubuta wa, na ba masu shanu da za su arewa. Ba amsa. Takardar jininta tana nan cikin akwatina, sunanta a jiki, ita kuwa ba a taɓa yi mata allura ko ɗaya ba.

Tun daga lokacin, ranar kasuwar Dutsin-Ma da ta Kurfi nakan tsaya wajen masu hatsi, inda magidanta suka fi taruwa, in faɗi labarina daga kuza har zuwa zauren Malam Idi. Sun sa mini suna Sarkin Jini. In na doso sai ka ji, "Ga shi nan, kowa ya ɓoye hannunsa!" Wani mahauci kullum sai ya ce, "Tanko, in jini kake so zo mahauta da ƙwaryarka, a huta da wa'azi." Sukan yi dariya, ni ma wani lokaci in yi. In kasuwa ta watse wani yakan biyo ni ta baya ya ce wai abokinsa ne yake tambaya, yaya ƙurjin yake. Nakan kwatanta masa. Wani ya kawo matarsa. Yawancinsu ba na sake ganinsu.

Na kuma rubuta wa shugabannin mishan, dattawanmu suka dangwala hannu, muna roƙo a riƙa auna jinin kowace mai ciki da ta zo ɗakin magani tun zuwan farko, kada a jira sai ta binne biyu ko uku. Sun amsa da ladabi. Sun ce kwalabe ba su isa ba, mota ba kullum ba, amma za a duba. Kowace kaka nakan sake rubutawa. Ban san abin da zan yi ba bayan wannan. In akwai wanda ya sani a cikinku, ya same ni bayan taro.

Duk da haka ina gode wa Ubangiji Yesu. Ya warkar da jinina, ya bar mini Talatu wadda take da dalilin tafiya ba ta tafi ba, ya ba mu Alheri, ya gafarta wa mutum irina. Ku dogara gare shi, 'yan'uwa, ba ya ƙyamar mai ƙazanta. Amma ku maza, ina roƙonku saboda sunansa, kada ku jira ciki ya fito. Ranar da matarku ta ƙi warin miya ku kai ta, ku fara miƙa naku hannun. Wanda ya taɓa yin ƙurjin nan ya je ko da ya yi shekara goma da bushewa. Wanda kuma ya san na ɗan'uwansa, ya faɗa masa yau. Ku sa Kande cikin addu'arku, ku sa Mati.

An ce mini Kande ta sake binne ɗaya a can arewa. Ban tabbatar ba, saboda haka ban sa shi cikin lissafi ba.

Na Talatu huɗu. Na Kande uku. Bakwai ke nan, ɗaya ce kaɗai ta kai suna. Aure ɗaya. Gandu ɗaya. Ƙane ɗaya, yana bayan danga.